Da Keke A Kan Sawun Bulus: Daga Bariyata Zuwa Antakiya Ta Bisidiya

Shekara da shekaru muna koya wa yara labarin tafiyar Manzo Bulus ta fari. Mukan zana taswira a allo, mu ja layi da alli daga Bariyata zuwa Antakiya ta Bisidiya, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba. Sa'an nan mu ce musu, "A nan ne Markus ya yi ragwanci, ya gudu gida wurin uwarsa." Yara su yi dariya, mu ma mu yi. Amma Littafin Ayyukan Manzanni bai ce ya yi ragwanci ba. A sura 13 aya 13 an dai faɗa mana ya rabu da su ya koma Urushalima, ba a faɗi dalili ba. Ragwancin nan mu muka ƙara da bakinmu.

To, Allah ya ba mu zarafi muka bi wannan layin alli da ƙafafunmu, a kan keke. Wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a ƙasar Turkiyya shi ya yi ta rubuto mana, yana cewa mu zo mu ga abin da muke koyarwa. Muka yi adashi na shekara biyu, 'yan'uwa a ikkilisiya suka ƙara mana, muka tashi a ƙarshen babban hutu, farkon watan Satumba. Mu uku ne malamai. Babbanmu ya ba hamsin baya, ƙaraminmu kuwa shekararsa biyu kawai da kama aiki, ɗan birni ne, bai taɓa kai buhun masara kasuwa a kan keke ba. Ɗalibin namu ya tarye mu a Antaliya, garin bakin teku da Littafi Mai Tsarki ke kira Ataliya. Ya yi mana hayar kekuna, ya kuma samo wani Baturke mai ƙaramar mota wanda zai riƙa binmu da kaya.

Keken burji

Kowa ya san keken mai bishara na ƙauye, Raleigh ko Phoenix, baƙi, mai kariya a baya, wanda ke ɗaukar malam da matarsa da akwatin littattafai. Keken da aka ba mu dabam ne. An ƙera shi musamman don hanyar burji da tsakuwa. Ba shi da nauyi, da hannu ɗaya kana ɗaga shi. Tayarsa tana da faɗin yatsa biyu, da 'yan haƙora masu kama ƙasa. Babu tub a ciki, sai wani farin ruwa mai danƙo wanda ke toshe huda da kansa in ƙaya ta soke. Kan keken a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago. Yana da giya fiye da goma, ba ta sha ba, ta sauya kaca, domin in ka zo hawa ka sassauta wa ƙafa. Muka duba kekunan muka ce, ai da irin wannan ko dutsen Shere ma hau shi muna waƙa. Ba mu san abin da ke gabanmu ba.

Bariyata

Bariyata tana gabas da Antaliya, tafiyar awa guda da 'yan kai a keke. A allon hanya an rubuta sunanta Perge. Ba kowa a garin yanzu sai masu ziyara da ƙadangaru. Akwai manyan hasumiyoyi biyu masu zagaye a ƙofar gari, waɗanda aka gina tun kafin haihuwar Almasihu, wato Bulus da Barnaba da Markus sun gan su da idonsu. Akwai babban titi mai ginshiƙai dama da hagu, da magudanar ruwa a tsakiyarsa. Akwai filin wasanni da aka ce yana ɗaukar mutum 12,000. Duk wanda ya tsaya a nan zai gane cewa ba ƙauye manzanni suka sauka ba.

Abin da ya fi kama mana hankali shi ne abin da muka hango da muka juya arewa. Duwatsun Toros ne sun tare gabas da yamma kamar ganuwa, wani bisa wani, har idonka ya gaji. Bayan su Antakiya take. Zafi kuwa a bakin tekun nan irin na Lakwaja ne, gumi ba ya bushewa. Wani masani ɗan Sikotilan mai suna William Ramsay, wanda ya yi shekaru yana yawon bincike a ƙasar, yana ganin zazzaɓin cizon sauro ne ya kama Bulus a wannan kwari, shi ya sa suka nemi tudu mai sanyi. Ya dogara da Galatiyawa 4:13, inda Bulus ya tuna wa mutanen yankin cewa rashin lafiya ce ta fara kai shi wurinsu. Zato ne na masani, amma mu da muka san zazzaɓi mun fahimci zancen.

Masana ba su yarda da juna ba a kan hanyar da manzanni suka bi. Akwai babbar hanyar Romawa da ake kira Sebaste, wadda aka gina a shekara ta 6 kafin haihuwar Almasihu, zamanin Kaisar Augustas. Ita ta kewaya ta yamma, ta fi nisa, amma ta fi sauƙi. Akwai kuma gajeruwa wadda ta ratsa duwatsu ta bin kwarin kogin Aksu. Wata Baturiyar Ingila mai suna Kate Clow ta bi tsofaffin turbobin wannan gefe, aka shafa ja da fari a jikin duwatsu don masu tafiya a ƙasa, aka sa wa hanyar sunan Bulus. Tsawonta duka wajen kilomita 500 ne. Mu mun bi hanyoyin burji na ƙauyuka da na gandun daji waɗanda ke tafiya kusa da ita.

Ranar da muka raɗa wa ɗan'uwanmu suna

Rana ta fari ba laifi. Muka bi gonakin lemo da rumman, muka kwana kusa da wani babban dam. Rana ta biyu da safe muka shiga wani kwazazzabo da Turkawa ke kira Yazili, ma'anarsa wuri mai rubutu, domin mutanen dā sun sassaƙa rubutu da Helenanci a jikin dutsen. Ruwa mai sanyi yana gudu a ƙasa, tsohuwar hanya tana manne da dutse a bisa. Mutum biyu ba sa jerawa a wasu wurare. Babbanmu ya tuna mana da 2 Korantiyawa 11:26, inda Bulus ya lissafa hatsarin koguna da na 'yan fashi cikin wahalolinsa. Mutanen Bisidiya sun yi suna wajen taurin kai, har Romawa sai da suka kafa garuruwan tsofaffin sojoji kafin su iya da su.

Daga nan aka fara hawa zuwa garin Sutcular. Jama'a, hawa ne wanda ba ya ƙarewa. Ka sha kwana kana cewa ga ƙarshe, sai ka ga wata kwanar a bisa kanka. Tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin tayar baya. Giya ta ƙare, ba sauran ta sassautawa. Ruwan gora ya zama kamar na wanka. Ba mai magana, sai numfashi.

Wajen ƙarfe biyu ƙaraminmu ya sauka, ya kwantar da keke, ya zauna a gindin wani itace. Ya ce, "Malam, ni kam na gama. Ko a yanka ni ba zan ƙara ba." Da motar ta iso ya sa kekensa a ciki ya shiga. Sai ɗayanmu ya ce, "To, ga Markus ɗinmu ya bayyana." Muka yi dariya dukanmu, har da mai rubuta wannan labari. Da muka isa masauki da magariba, muna shiga muka ce, "Sannu da hutawa, Markus." Ya yi murmushin yaƙe. Da aka kawo abinci bai fito ba. Can da dare ya gaya wa ɗalibinmu a nema masa motar safe, zai koma Antaliya ya jira ranar jirgi.

Wanda ya fara nuna masa alheri direban nan ne, Musulmi, wanda ba ya jin Hausa ko Turanci. Ya kai masa shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi irin nasu, ya zauna kusa da shi. Da safe ya yi masa alama da hannu, yana neman ya taimake shi da lodin kaya da duba tayoyi. Saboda kunyar direban, ɗan'uwanmu ya fasa komawa, ya ce zai bi mu a mota.

Adada

Rana ta uku muka nufi kangon wani tsohon birni mai suna Adada. Yana cikin wani fili tsakanin tuddai, babu shago, babu hayaniya, sai awaki. Haikalan da aka gina wa sarakunan Roma da gumaka suna nan tsaye, wasu har kusan rufi. An gina su bayan zamanin Bulus. Mutanen wurin sun daɗe suna kiran kangon Karabaulo, har wasu masana suna zaton sunan Bulus ne ya saura a bakinsu.

Kusa da birnin akwai guntun tsohuwar hanyar Romawa da ta ragu, an shimfiɗa ta da manyan duwatsu, kowanne ya kai faɗin tabarma. Muka ce sai mun taka ta. Keke bai tafiya a kanta, dole muka sauka dukanmu muna turawa, wani wuri ma muna ɗauka a kafaɗa. A nan babbanmu ya tsaya ya jingina da dutse, ya ce, "Bari in faɗa muku gaskiya. Jiya da yaron nan ya shiga mota, ni ma zuciyata tana cikin motar. Kunyarku ce ta riƙe ni a kan sirdi." Muka dubi juna. Kowa ya san haka yake a gare shi. Ashe abin da muke kira ƙarfin hali, rabinsa kunya ce. Shi yaron ya dai riga mu faɗin gaskiya ne.

Muka zauna a kan duwatsun muka sake duba abin da muka sani game da Markus. Gidan uwarsa Maryamu a Urushalima babban gida ne, inda masu bi ke taruwa yin addu'a, har da baranya mai buɗe ƙofa, kamar yadda sura 12 ta nuna. Saurayi ne da aka ɗauka don ya yi wa manya hidima. A Kubrus yana ƙasar ɗan'uwansa Barnaba. Sai ga shi a baƙuwar ƙasa, ga zafi, ga duwatsun nan a gaba, ga shi ba keke, ba mota mai bin baya da kaya. Ba mu ce ya yi daidai ba. Bulus ma bai ga ya yi daidai ba. Amma mu da muke da taya mai faɗi da giya goma muka kusa kasawa, da wane baki za mu yi masa dariya?

Babbanmu ya tashi ya koma inda mota take, ya kira yaron gefe. Ya ce, "Ƙanena, mun yi maka laifi jiya. Ka gafarta mana." Mu ma muka bi sahu. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da wannan suna.

Tafkin Egirdir

Daga Adada hanya ta gangara zuwa ƙaramin tafkin Kobada, wanda gwamnati ta keɓe shi da dajin da ke kewaye. Daga can muka bi wani kwari mai tsawon fiye da kilomita 20, gonakin tuffa dama da hagu, 'ya'ya sun nuna har an tokare rassa da sanduna. Lardin Isfarta ya yi suna a Turkiyya wajen tuffa da furen wardi da ake yin turare da shi. Wata tsohuwa ta tsai da mu ta cika mana aljihu, ta ƙi karɓar ko kwabo. A kowane ƙauye akwai famfon dutse a bakin hanya da wani ya gina sadaka domin matafiya.

Da la'asar sai ga tafkin Egirdir a gabanmu, shuɗi, duwatsu sun kewaye shi. Yana bisa tudu mai tsawon mita 900 da 'yan kai daga teku, shi ne na biyu a girma cikin tafkunan ruwan daɗi na ƙasar. Garin yana kan wani ɗan tsiri da ya shiga ruwa, an kuma yi hanya ta haɗa shi da tsibirai biyu. Muka sauka a na ƙarshen, Yeshilada, wato koren tsibiri, muka ci kifi, muka huta kwana biyu.

A tsakiyar gari akwai tsohuwar makarantar Dundar Bey, wadda ta zama makaranta a 1301, da masallacin Hizir Bey a gefenta. Ibn Batuta, matafiyin nan da ya kai har ƙasar Mali, ya sauka a wannan gari. A tsibirin kuma akwai majami'ar Istifanas. Ginin yana nan, amma masu sujada ba su. A 1923 Turkiyya da Girka suka yi musayar jama'a, Kiristocin nan masu bin ikkilisiyar Girka aka kwashe su zuwa can, Musulmin Girka aka kawo su nan. Muka tsaya a ƙofar muka yi addu'a a zuci.

Mai masaukinmu ya nuna mana inda ruwa ke kaiwa sa'ad da yake yaro, da inda ya tsaya yanzu. Tafkin yana janyewa saboda ƙarancin ruwan sama da yawan ban ruwan gonaki. Muka ce masa mu ma muna da Tafkin Cadi, mun san wannan ciwo.

Rana ta ƙarshe

Daga Egirdir zuwa Yalbac, garin da ke gindin tsohuwar Antakiya, wajen kilomita 70 ne ta gabashin tafki. Da asuba muka fito, sai muka tarar ƙaraminmu ya riga ya sauke kekensa daga mota yana shafa wa kaca mai. Ba wanda ya ce masa komai. Muka bi bakin ruwa, muka tsaya a wani tsohon zangon fatake da aka gina da dutse a 1223, muka sha ayran, wato nono da aka dama da ruwa da gishiri.

Bayan Gelendost muka bar kwalta muka shiga burji cikin gonakin alkama da aka girbe. A nan karnukan makiyaya suka taso mana. Kowanne ya kai ɗan maraƙi, an ɗaura musu ƙarfe mai tsini a wuya saboda kyarkeci. An riga an gaya mana kada mu gudu, mu sauka mu sa keke tsakaninmu da kare har makiyayi ya zo. Amma babbanmu ya firgita, ya damƙe birkin gaba a kan tsakuwa, keke ya watsar da shi. Gwiwa ta ɓare, tafin hannu ya daye. Mota kuwa ta bi kwalta, tana jiranmu a gaba.

Mu biyu da ɗalibinmu muna gaba, ba mu ma sani ba sai da muka yi nisa. Ƙaraminmu ne ke bayansa. Shi ya tsaya har makiyayi ya kira karnukansa, ya wanke ciwon da ruwan gorarsa, ya ɗaure da ƙyalle, ya miƙe kan keken da ya karkace, abin da ya koya wurin direba a kwana biyun nan. Sa'an nan ya jera da shi a hankali, in an zo hawa ya sa hannu a bayansa yana turawa. Su biyu suka shigo Yalbac a ƙarshe, rana ta kusa faɗuwa. Muna zaune muna jiransu a ƙarƙashin wani ƙaton itace da ke tsakiyar gari, wanda aka ce ya yi shekara 800, inda dattawa ke shan shayi.

Antakiya

Kashegari muka hau kangon, kilomita ɗaya daga gari. Tsayin wurin kusan ɗaya ne da na Jos, iska mai sanyi tana kaɗawa. A shekara ta 25 kafin haihuwar Almasihu, Augustas ya zaunar da tsofaffin sojojinsa a nan. A can ƙololuwa an sare dutse kamar rabin wata, aka gina masa haikali. Ana hango ragowar gadar da ke kawo ruwa daga duwatsu. A gidan kayan tarihi na Yalbac akwai dutse mai ɗauke da sunan gidan Sarjiyas Bulus, sunan mai mulkin Kubrus da ya ba da gaskiya ta bakin manzanni. Wasu suna ganin shi ya sa suka nufo nan. Garin ya ɓace wa duniya ƙarnuka da yawa, sai a 1833 wani fasto ɗan Ingila, Francis Arundell, ya gane wurin.

A gefen yamma akwai harsashin wata babbar majami'a. A daɓenta an sami sunan Bishop Optimus, wanda ya halarci babban taron ikkilisiya na Kustantiniya a 381. Muka zauna a nan muka karanta sura 13 duka: wa'azin Bulus a majami'ar Yahudawa ran Asabar, yadda kusan dukan gari ya taru mako na biyu, yadda manzanni suka juya ga al'ummai, da yadda aka kore su. Muna cikin al'umman nan, mu da ku.

Sa'an nan babbanmu, da ƙyalle a gwiwa, ya ce a ci gaba da labarin Markus. A ƙarshen sura 15, Barnaba ya so a sake ɗaukarsa, Bulus ya ƙi, har suka rabu. Barnaba ya tafi da shi Kubrus. Shekaru suka wuce. A Kolosiyawa 4:10 sai ga Markus tare da Bulus a lokacin da yake ɗaure. A 2 Timoti 4:11 kuma, Bulus da kansa ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi. Ikkilisiya tun dā tana riƙe da cewa shi ya rubuta Bishara ta biyu, Kiristocin Masar kuma suna ɗaukarsa uban ikkilisiyarsu. Da Barnaba ya bi ra'ayin Bulus a ran nan, me da me za mu rasa?

Ya ku iyaye da malamai, kusan kowane gida yana da wanda ya juyo daga Bariyata. Akwai yaron da ya bar makarantar Littafi Mai Tsarki a shekara ta fari. Akwai yarinyar da ta faɗi jarrabawa ta dawo gida. Akwai wanda ya tafi birni neman aiki ya komo hannu wofi. Wane suna muke kiransu da shi a tsakar gida? Tsawatawa tana da wurinta, aikin Ubangiji ba wasa ba ne. Amma in kowa a gidan ya zama Bulus na sura 15, wa zai zama Barnaba?

Da muka koma makaranta, mun sake zana taswirar a allo, wannan karon da duwatsu. Akwai kuma wani yaro da ya bar ajinmu bara ba sallama, muka share sunansa muka manta da shi. Mun je gidansu sau biyu. Har yanzu bai dawo ba, amma ya fito ya gaishe mu, mun kuma yi alkawarin komawa. Muna roƙonku ku sa shi cikin addu'a. In kun taru da iyali da dare a wannan wata, ku karanta wuraren nan tare. Ubangiji ya ba mu zuciyar jiran waɗanda suka rage a baya. Amin.